Bayan rasuwar Duna: wane irin kare ne ya dace da gidan da ke da ƙananan yara?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da muka rasa karenmu Duna, yana da shekara 13. Gauraye ne, ba shi da wani asali da za a ambata, maigida ya tsince shi yana kwikwiyo tun kafin aurenmu. Duk yarana uku a gabansa aka haife su: Hanif shekara 9, Amira 6, sai auta Sadik mai shekara biyu da rabi. Har yau Amira takan cika masa kwanonsa da ruwa da safe, sai ta tuna, ta tsaya shiru.

Yanzu yaran sun matsa a kawo wani. Maigida ya ce Labrador. Hanif ya ga hoton Husky mai shuɗin ido ya ce shi ko ba kowa ba. Ƙanwata kuma ta ce French Bulldog, wai ƙarami ne, ba ya buƙatar fili. Tsakar gidanmu matsakaiciya ce, dukanmu muna aiki amma ni nakan dawo da rana. Don Allah waɗanda suka riƙe karnuka tare da yara ku faɗa min gaskiya, wanne ne ya fi?

Anti Ladi: Wa alaikumussalam. Sannu Maman Hanif, sannu ƙwarai. Wanda bai taɓa rasa kare ba ba zai gane wannan shirun da gida yake yi ba. Ni dai bayan maigidanki nake. Labrador biyu na riƙe, ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa ganin dabba mai son mutane kamar su ba. Asalinsu karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland na Kanada, suna taya jan igiya da ɗauko kifin da ya kuɓuce, daga baya aka kai su Ingila aka mayar da su masu ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo. Ke kin ga aikin da aka gina su a kai: ɗauko ka kawo, kada ka tauna. Shi ya sa bakinsu ke da taushi. Shekara 31 a jere su ne kan gaba a rajistar karnuka ta Amurka, sai a 2022 French Bulldog ya ture su.

Amma kada in rufe ki. Shekara biyun farko sai kin yi haƙuri. Na farkona ya cinye min takalma, ya ɓare ƙafar kujera, ya tone duk shukar da na yi. Kuma suna zubar da gashi sosai.

Baba Ilu: Allah ya ba ku haƙuri 'yata. Ni na fi shekara 30 ina riƙon German Shepherd, wanda wasu ke kira karen 'yan sanda, kuma duk 'ya'yana da jikokina a cikinsu suka tashi. Labrador na da kirki, ban musa ba, amma kowa nasa ne. Baƙo ya shigo zai kaɗa masa wutsiya kamar yadda yake kaɗa miki. Shi kuwa German Shepherd ya san nasa, ya san bare. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa irin a 1899, kuma abin da ya sa a gaba shi ne hankali da aiki. Karyata ta biyu, in jikana ya nufi ƙofa yana rarrafe, sai ta sha gabansa ta tsaya. Ba wanda ya koya mata. Jinin kiwo ne.

Nura K.: In tsaro ake so Baba ai gara Rottweiler. Nawa ko haushi ba ya yawan yi, kallo ɗaya ya isa. Kuma da ƙannena lafiya lau yake.

Maman Hanif: Na gode Anti, na gode Baba. Nura, ba mai gadi nake nema ba gaskiya. Abokin yara nake so.

Bitrus mai horo: Gara da kika faɗi haka da wuri, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa: su so kare ɗaya ya firgita baƙo, ya kuma bar ɗan maƙwabci ya shigo neman ƙwallonsa. Karen bai san inda za a ja layi ba, mu ne muke zato ya sani. Nura ƙanena, ƙannenka shekarunsu nawa?

Nura K.: 14 da 16.

Bitrus mai horo: To ka gani. Namijin Rottweiler yakan kai kilo 50. Sadik bai wuce kilo 13 ko 14 ba. Ko da karen ba shi da mugun nufi ko kaɗan, juyawa ɗaya da murna ta isa ta kai yaron ƙasa. Wannan maganar ta shafi Labrador ma, shi ma yana kai wa kilo 30 zuwa sama.

Ga abin da nake so ku duba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da Elinor Karlsson da abokan aikinta suka yi a Amurka. Sun tattara bayanin halayen karnuka fiye da 18,000 daga masu su, suka kuma karanta ƙwayoyin gadon fiye da 2,000. Abin da suka samu shi ne iri ba ya bayyana fiye da kusan kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Ni abin bai ba ni mamaki ba. A aikina na ga Labrador mai tsoron yara har yana karkarwa, na ga Rottweiler da kyanwa ke kwana a jikinsa.

Baba Ilu: A nan ban yarda da kai ba Bitrus. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kana nufin in ɗauko Beagle, karen farautar zomo, in ce ya tare min tumaki? Ko in sa German Shepherd ya bi sawun zomo yini guda yana kuka? Shekara ɗari da ɗoriya mutane suna zaɓen uwa da uba, a ce duk aikin banza ne?

Bitrus mai horo: Ba haka nake nufi ba Baba, a gafarce ni in na faɗa da kaifi. Binciken ma ya nuna wasu halaye suna bin jini, kamar saurin karɓar umarni da son ɗauko abu. Wanda ya fi rauni wajen bin iri shi ne saurin harzuƙa idan an tsorata kare ko an takura masa, kuma shi ne abin da uwa mai ɗan shekara biyu take tambaya a kai.

Baba Ilu: To ni abin da na gani da idona ke nan: duk karyar da ke da tsoro, 'ya'yanta sukan fito da tsoro. Na daina haɗa irin waɗannan tun tuni.

Dakta Rakiya: Baba, maganarku da ta Bitrus ba su yi karo ba. Ku kuna magana ne kan uwa da uba na kusa, waɗanda kuka sani, kuka ga halinsu. Shi yana magana ne kan sunan iri, wanda ya haɗa miliyoyin karnuka da ba su san juna ba. Halin uwar kwikwiyo ya fi sunan irinsa faɗa miki abin da za ki samu. Shi ya sa nake ce wa kowa: kada ki karɓi kwikwiyon da ba a nuna miki uwarsa ba.

Abin da iri ke faɗa miki kusan ba kuskure shi ne girman jiki, irin gashi, yawan kuzari, da cututtukan da za ki yi fama da su. A matsayina na likitan dabbobi wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, domin ba ya fitowa a hoto. German Shepherd da Labrador duka suna da matsalar gaɓar ƙugu da ta gwiwar ƙafar gaba, inda ƙashin ba ya zama daidai a mazauninsa. Mai kiwon kirki zai nuna miki sakamakon hoton ƙashin iyayen.

Labrador kuma ga ci. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka gano kusan ɗaya cikin huɗu na Labrador na ɗauke da wani canji a ƙwayar gadon da ake kira POMC, wanda ke sa ba sa jin sun ƙoshi yadda ya kamata. A gidan da yara uku ke sakin abinci a ƙasa, sai an sa ido. Akwai wani gwaji da aka wallafa a 2002 kan Labrador 48: rabinsu an rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na abinci tsawon rayuwarsu, sai suka fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu. Ki riƙa shafa gefen jikinsa. In ba kya jin haƙarƙari sai kin danna, ya yi ƙiba.

Anti Ladi: Wallahi Dakta haka ne. Na biyun nan sai da muka sa wa kwandon shara murfi mai kulle.

Zainabu A.: Maman Hanif, ni kan maganar ƙanwarki zan yi magana, kuma don Allah ki nuna mata. Ina da French Bulldog, sunanta Lulu, shekararta 4. Ina son ta kamar me. Tana bina ɗaki ɗaki, in ina kuka sai ta ɗora haɓarta a ƙafata. Amma ba zan sake sayen irinta ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saya ba.

Wanda ya sayar min da ita ya ce minsharin da take yi al'adarsu ce, abin sha'awa ne. Ashe numfashi ne take kokawa da shi. Hancinta tsaga ce 'yar siririya, naman ganɗarta ya yi tsawo yana toshe maƙogwaro. Wata rana da zafi na fita da ita, tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba, sai ta zube, harshenta ya koma shuɗi. Na ɗauke ta a hannu ina gudu. An yi mata tiyata an buɗe hancin, an rage naman. Ta samu sauƙi, amma har yanzu takan yi barci da abin wasa a baki don iska ta samu hanya. Ban san abin da hakan ke nufi ba sai da likita ya faɗa min. Na yi kuka ranar.

Yaro ɗan shekara 9 kare yake so wanda zai yi gudu da shi. Lulu ba za ta iya ba.

Dakta Rakiya: Na gode da kika faɗi wannan 'yar'uwa, na san ba shi da daɗin faɗa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, iska na bi ta kan harshe da cikin hanci. In an gajarta fuskar an rage masa wannan hanyar. Pug da Bulldog na Ingila duk haka suke. Yawancin 'ya'yan Bulldog ma ta tiyata ake ciro su, saboda kan ya fi ƙugun uwar.

A 2022 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar da lissafin tsawon rai kan karnuka fiye da 30,000 da suka mutu. Jack Russell ya zo da shekara 12.7, Labrador kusan 11.8, Pug 7.7, French Bulldog 4.5. Su da kansu sun ja hankali cewa wannan 4.5 ya yi ƙasa fiye da kima, domin irin bai daɗe da yin farin jini ba, yawancinsu ƙanana ne, tsofaffin ba su da yawa a lissafin. Wani binciken na 2024 ya ba su shekara 9.8. Ko wanne aka ɗauka, suna ƙasa da sauran ƙananan karnuka, alhali ƙaramin kare ne ya kamata ya fi daɗewa.

Yusuf D.: Dakta ai akwai masu lafiya a cikinsu. Na abokina shekararsa 8, ba ya ko tari. Kada a yi musu kuɗin goro.

Dakta Rakiya: Akwai, Malam Yusuf, musamman masu ɗan tsawon hanci da buɗaɗɗun kafofi. Kuma wanda ya riga ya mallaka, ya riƙe abinsa da kyau, ya hana shi ƙiba, kada ya fita da shi cikin zafi. Amma wadda ke shirin zaɓa tun farko, ga yara uku, ba zan tura ta can ba.

Maman Hanif: Zainabu, Allah ya ƙara wa Lulu lafiya. Na cire French Bulldog daga lissafi. To Huskyn Hanif fa?

Bitrus mai horo: A'a. Karen jan keken ƙanƙara ne. A 1925 karnukan ja, da Husky a cikinsu, suka yi karɓa-karɓa da maganin mashaƙo zuwa garin Nome na Alaska, fiye da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Irin wannan jikin za ki sa a matsakaiciyar tsakar gida? Zai haƙa ƙarƙashin katanga ko ya haura, kuma in ya fita kira ba ya dawo da shi. Ga gashi ninki biyu. Ki nuna wa Hanif bidiyonsu suna aiki, zai gane da kansa.

Hajiya Turai: Ba wanda ya ambaci Golden Retriever, to ni zan ambata. A Sikotland aka samar da su, a gidan gonar Lord Tweedmouth, haihuwar farko a 1868. Nawa sunansa Zaki, amma ko kaza bai taɓa kora ba. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya a gidana, shi ne ke kwana a bakin ƙofarta, in ta yi motsi da dare ya zo ya tashe ni da hanci. Ya fi Labrador natsuwa a ganina. Sai dai sankara ta ɗauke shi yana shekara 9, cikin sati uku. Daga baya na ji cewa ciwon ya yi yawa a irinsu, har wata gidauniya a Amurka, Morris Animal Foundation, ta fara bin sawun Golden fiye da 3,000 tun 2012 don gano dalili. Ki sani tun yanzu, domin yaran nan sun riga sun sha rabuwa ɗaya.

Maman Hanif: Allah sarki Hajiya. Wani lokaci har kunya nake ji yadda mutuwar Duna ta taɓa ni, kamar na yi yawa.

Hajiya Turai: Ba ki yi yawa ba 'yata.

Malam Haruna: Ba ki yi yawa ba. A 1914 an tono wani kabari a Oberkassel kusa da Bonn a Jamus, mai kimanin shekara 14,000: namiji da mace da ɗan kare a tare. Da aka sake duba haƙoran karen a shekarun baya, aka ga ya sha fama da distempa, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, yana ƙarami, ciwon da ba zai tsallake ba sai da wanda ke ba shi ruwa da abinci, yana share shi tsawon makonni. Kwikwiyo marar lafiya ba ya farauta, ba ya gadi. Sun yi jinyarsa ne don suna son sa.

Sadiya M.: A taimaka min ni ma. Ɗana yana da asma. An ce Poodle ko Labradoodle, wato gaurayen Labrador da Poodle, ba sa tayar da ita, gaskiya ne?

Dakta Rakiya: Ba kare ko ɗaya da za a ba ki tabbaci a kansa. Abin da ke tayar da atishawa da asma yana cikin miyau da ɓurɓushin fata, gashi ɗaukarsa kawai yake yi. Poodle ba ya zubar da gashi sosai, wasu na samun sauƙi da shi, wasu ba sa samu. Kare ne mai kaifin basira, babbansu ya dace da yara, amma sai an riƙa taje shi ana aske shi duk bayan sati shida ko makamancin haka. Labradoodle kuwa, Wally Conron da ya fara haɗa shi a Ostireliya a 1989 don wata makauniya da mijinta ba ya jure gashin kare, shi da kansa ya ce ya yi nadama saboda yadda masu neman riba suka mayar da abin. Ki fara ganin likitan yaron, sannan yaron ya zauna da ainihin karen da kuke so sau da yawa kafin ku yanke.

Bitrus mai horo: Maman Hanif, ina da tambaya, kada ki ji haushi. Yaya Sadik yake wasa da Duna?

Maman Hanif: Hawa bayansa yake yi, ya ja kunnensa, har hannu yake sa masa a kwano yana cin abinci. Duna sai dai ya tashi ya bar wurin. Bai taɓa ko gurnani ba.

Bitrus mai horo: To wannan ya fi duk zancen iri muhimmanci. Abin da Sadik ya sani game da kare shi ne Duna: dattijo ɗan shekara 13 da ya ga haihuwar yara uku. Duk karen da za ki kawo, ko wane iri ne, Sadik zai nufe shi da hannu biyu kamar yadda ya saba. Sabon bai san shi ba. Yawancin cizon da ƙananan yara ke samu daga karen da suka sani ne, na gida ko na dangi, kuma a fuska ko wuya, saboda tsayinsu ɗaya. Kusan kullum iyaye sukan ce min ba gargaɗi ya yi cizon. Gargaɗin yana nan, ba a karanta ba ne: hamma ba barci ba, lasar leɓe ba abinci, kau da kai har farin ido ya bayyana, maƙale wutsiya, sannan jiki ya sandare. In ya sandare, ki ɗauke yaron nan take.

Tashin da Duna ke yi ya bar wurin ma magana ce. Cewa yake ya ishe ni. Kun yi sa'a halinsa na tafiya ne.

Kuma kada a taɓa dukan kare don ya yi gurnani. In kin hana shi gurnani, kin cire ƙararrawar ne kawai, ranar da ya gaji zai wuce kai tsaye zuwa haƙori.

Nura K.: Wannan ta same ni. Nawa ya taɓa yi wa ɗan yayata gurnani a kan ƙashi, na zane shi. Tun ranar in yaron ya zo sai ya yi tsit yana kallonsa ta gefen ido. Na ɗauka ya gyaru ne.

Bitrus mai horo: Raba su tukuna ƙanena, ƙofa a rufe duk lokacin da yaron ya zo, kuma kada a ba shi ƙashi in akwai yara. Ka same ni ta saƙo mu tsara yadda za a gyara. Ana gyarawa.

Maman Hanif: Jikina ya yi sanyi. Gaskiya ni Duna nake nema a jikin wani kare, sai yanzu na gane. To kwikwiyo zan ɗauko ya tashi da su, ko babba?

Baba Ilu: Kwikwiyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki karɓe shi yana sati 8, kada ya gaza haka, domin a wurin uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Daga nan zuwa wata uku duk abin da ya gani ya saba da shi ya zama nasa har abada: yara, baƙi, ƙarar mota, wanka, taɓa ƙafa da kunne.

Anti Ladi: Baba, da ɗan shekara biyu da rabi a hannu? Kwikwiyo jariri ne fa. Fitsari duk bayan awa biyu, kukan dare, haƙora kamar allura, kuma duk abin da ke gudu yana ihu shi zai kama. Wa zai zauna da shi da safe in sun tafi aiki?

Bitrus mai horo: Ina tare da Anti. Kwikwiyo alkawari ne, babba kuwa gani ya kori ji. Kare ɗan shekara 2 zuwa 4 da ya riga ya zauna da yara, girmansa ya tsaya, halinsa ya fito, kin san abin da kike ɗauka. Akwai su da yawa a gidajen kula da karnukan da ba su da masu su, da wurin mutanen da ƙaura ta raba su da nasu. Kuma kada ki raina gauraye. Yawancin karnukan duniya ba su da takardar asali, kuma Duna da kike kuka a kansa ɗaya ne daga cikinsu.

In kin je gani, ki je ke da maigida tukuna. Ki zauna a ƙasa ki ga ko zai zo da kansa, jiki a sake. Ki yar da makulli ki ga ko zai firgita, in ya firgita minti nawa kafin ya dawo daidai. Ki tambayi yadda yake yi in an matso kwanonsa, da dalilin da ya sa ake rabuwa da shi. Zuwa na biyu sai ki kai yaran.

Baba Ilu: Babba yana zuwa da tarihin da ba ka sani ba. Ni ban sauka daga ra'ayina ba. Amma in wanda ya rene shi yana nan, ana iya yi masa tambaya, to da sauƙi.

Dakta Rakiya: Ko wanne kika ɗauka, likita kafin gida. Allurar haukan kare ba a wasa da ita: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ciwon duk shekara, kusan dukansu ta cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana yi wa kwikwiyo ita daga sati 12. In kare ya ciji ko ya yakushi yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a jira alama, domin in alama ta bayyana magani ya ƙare. Sai allurar parvo, cutar amai da zawo ta karnuka, da ta distempa, daga sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa har sati 16. Maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma a kan kari. Ki gaya wa yara cakulan, inabi da busasshensa, albasa da tafarnuwa duk guba ne ga kare, kuma kada kowa ya ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

Maman Hanif: Na rubuta duka. Zan dawo muku.

Maman Hanif: Assalamu alaikum, sati uku ke nan. Mun samu. Wasu ma'aurata ne za su ƙaura inda ba a yarda da dabba ba, suna da karya 'yar shekara 3, uwarta Labrador, uban ba a san shi ba. Kilo 22, gajeren gashi, ja-ja. Ta tashi da yaransu biyu. Mun je sau uku. Na yar da makullin kamar yadda Bitrus ya ce, ta ɗaga kai, ta zo ta shinshina, ta koma ta kwanta. Matar tana kuka lokacin da take miƙo min katin allurarta. Sunanta Fara'a, kuma mun bar mata sunanta.

Mun sa ƙaramar ƙofa a baranda, can take cin abinci ita kaɗai. Sadik ya yi rigima kwana biyu don an hana shi hawa bayanta. Yanzu ya koyi shafa ƙirji da hannu ɗaya, ina riƙe da ɗayan. Jiya na ga ta yi hamma ta kau da kai, na janye shi, sai ta bi mu da kanta bayan ɗan lokaci. Hanif ne ke fita da ita da yamma tare da babansa, ya daina zancen Husky. Amira ce dai ba ta sake ba tukuna. Ta ɗauke kwanon Duna ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta, ta ce ba na Fara'a ba ne. Na saya wa Fara'a nata.

Abu ɗaya: tun da ta zo ba ta cin abinci sosai, kuma da dare takan tsaya a bakin ƙofar waje tana ƙaramin kuka.

Dakta Rakiya: Kwana nawa da zuwanta? Tana shan ruwa? Akwai amai ko zawo?

Maman Hanif: Kwana biyar. Tana sha, ba amai ba zawo. Tana cin kamar rabi.

Dakta Rakiya: To kewa ce. Ki ci gaba da irin abincin da ta saba da shi a can, a lokacin da ta saba, kada ki canza yanzu. In ta daina ci gaba ɗaya kwana guda, ko jikinta ya mutu, ki kai ta.

Bitrus mai horo: Ki roƙi matar ta ba ki tsohon bargon da take kwana a kai, kada a wanke. Baƙi kuma su dakata sai bayan sati biyu.

Zainabu A.: Ki bar Amira da kwanonta. Kada kowa ya ce mata ta so Fara'a.

Baba Ilu: Allah ya sa albarka 'yata. Ki riƙa duba cikin kunnenta da tsakanin yatsun ƙafa duk dawowa daga yawo, nan kaska ke ɓuya. Ki turo mana hotonta a tsaye, daga gefe, ina so in ga yadda ƙafafun bayan suke.